Tsanwaka ce ko baƙo? Tsuntsun da aka gani a hanyar Bogo

Mai Karal (Marwa): Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da kaka. Tambaya ce da ni, kuma don Allah kada a mai da ni abin dariya. Jiya da hantsi na taso daga karal, wato gonarmu ta laka, mun ƙarasa dashen muskuwari, dawar rani, ina kan babur a hanyar Bogo zan koma Marwa, a nan arewacin Kamaru, sai na hangi wani tsuntsu shi kaɗai a kan wayar wuta. Ya fi kurciya, bai kai hasbiya ba. Kai da ƙirji ruwan bula, amma a koɗe kamar rigar da ta sha wanki, baya kuma ruwan ƙasa. Na ce a raina tsanwaka ce, har na gota. Sai na tuna ban ga jela ba. Kowa ya san tsanwaka da tsinkayen nan biyu dogaye a jelarta, wannan kuwa tasa a guntule take kamar an datse da almakashi. Ga kai ƙato, ga baki mai kauri. Na taka birki na juyo, ina ciro waya ya tashi ya yi kudu. Duk ganin da na yi masa bai wuce a ƙirga goma ba. Shekarata 14 ina bin hanyar nan ban taɓa ganin irinsa ba. Wa ya san shi?

Direban Injamena: Wa alaikumus salam. Tsanwaka ce yara suka fige wa jela, ka zo ka tayar mana da hankali da sassafe.

Hajiyar Kusiri: Kai Direba ba ka da dama. Bawan Allah ya ce kada a yi masa dariya, kai ne ka buɗe layi.

Tsohon Maharbi (Gidar): Ɗana ne yake rubuta mini, idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan. Yaro, abin da ka gani 'yar bana ce. Tsanwaka takan yi ƙwai a kogon itace, 'ya'yan su fito da damina, kuma ba a ƙyanƙyashe su da tsinkayen jela, sai sun girma suke fitowa. Launinsu ma a dishe yake, ba ya ƙyalli kamar na uwar. Yanzu kuwa lokacinsu ne, sun bar kogo suna koyon farautar fara. Na sha ganinsu.

Mai Karal (Marwa): Allah ya ƙara girma Baba. Na yarda da maganarka, sai dai abu ɗaya ne ya tsaya mini. Ɗan bana ai ƙarami ya kamata ya zama. Wannan ya fi duk tsanwakar da na sani jiki.

Tsohon Maharbi (Gidar): Tsuntsu ba ɗan akuya ba ne. Ranar da ya bar gida ya riga ya kai uwarsa tsayi. Kuma rashin jela yana sa ido ya ga abu a dunƙule, sai ka ɗauka ƙiba ce.

Ɗalibin Garwa: Sannunku da hira. Baba, a gafarce ni in sa baki a maganar manya. Duk abin da ka faɗa game da 'yar bana haka yake, har a littattafan da muke karantawa a nan makarantar namun daji. Zan ma ƙara maka hujja: babbar tsanwaka ma idan tana sake gashi takan zubar da tsinkayen, ta yi kwanaki da guntuwar jela. Rashin jela shi kaɗai dai bai isa a ce baƙo ne ba.

Amma akwai na uku. Tsanwaka tana da ɗan'uwa da yake hayayyafa a Turai da yammacin Asiya. Da Faransanci tamu ita ce rollier d'Abyssinie, shi kuma rollier d'Europe, masana na ce masa Coracias garrulus. Shi ba ya yin tsinkayen jela ko da ya tsufa, haka Allah ya yi shi. Tsawonsa santimita 29 zuwa 32, tamu kuwa 28 zuwa 30 in ba a haɗa da tsinkayen ba, waɗanda kan ƙara kamar santimita 12. A awo bambancin kaɗan ne, a ido kuwa ya fi ta kauri, ya fi ta girman kai da baki. Kuma yanzu, watan goma, shi ne lokacin da yake ratsa ƙasarmu, gashinsa a koɗe. Shi ya sa da na karanta "ƙaton kai, baki mai kauri, kamar rigar da ta sha wanki" na gyara zama.

Yaya Mai Karal, tambaya uku. Goshinsa da kewayen bakinsa akwai fari sosai? Ya yi kuka? Sannan da ya tashi, dogayen gashin fiffikensa wane launi ne?

Mai Karal (Marwa): Goshi ban lura ba wallahi. Kuka bai yi ba, ko uffan. Fiffike kuwa na gani sarai, don ta saman kaina ya bi: rabi ruwan bula mai haske, ƙarshen kuma shuɗi mai duhu kamar an tsoma a marina.

Tsohon Maharbi (Gidar): To ka ji. Shuɗin marina ai fiffiken tsanwaka ke nan. Magana ta ƙare.

Ɗalibin Garwa: Ba ta ƙare ba tukuna Baba, don ya ce ta saman kansa ya bi. Cikin fiffiken ya gani, ba bayansa ba. Daga ƙasa dukansu biyu shuɗi mai duhu suke nunawa. Bambancin yana sama: idan ka ga bayan fiffike a buɗe, dogayen gashin tamu shuɗi ne mai zurfi, na baƙon kuwa baƙi ne. Wannan ita ce alamar da ta fi kowace ƙarfi, kuma ita ce Yaya bai samu gani ba. Da tsuntsun ya sauka ƙasa daga kan wayar ya cafki fara, kamar yadda suke yi, da ya nuna masa bayansa.

Direban Injamena: Wato sai ya hau saman turken wuta ya leƙo shi ta sama ke nan.

Hajiyar Kusiri: Ni shirun nan ne ya ɗaure mini kai. Akwai tsanwaka biyu da suke zama a bishiyar darbejiya ta bayan gidanmu, wallahi ba sa barin mutum ya yi ƙailula. Hankaka ya gifta su bi shi da masifa, shirwa ta gifta su bi ta. Tsanwaka mai shiru ni ban san ta ba.

Tsohon Maharbi (Gidar): Hajiya, naki suna gadin gidansu ne shi ya sa. Wadda take fakon fara a kan waya takan yi shiru abinta har rana ta take.

Ɗalibin Garwa: Nan ma Baba ya fi ni gaskiya. Baƙon dai an san shi da shiru a Afirka, ba ya neman mace a nan, ba ya kare kogo, ba shi da abin yi wa hayaniya. A can garinsu kuwa mai surutu ne, har sunansa garrulus ma'anarsa ke nan da Latin. Amma shirun daƙiƙa goma ba shaida ba ce.

Malama (Mokolo): Ku tsaya in tambaya, don gobe yara za su iya tambayata a aji. Me zai rabo tsuntsu da Turai ya zo ya zauna a kan waya a Bogo? Kuma ta yaya aka san daga can yake, ba wai zato ake yi ba?

Ɗalibin Garwa: Malama, ciki ne. Abincinsa manyan ƙwari: fara, buzuzu, gyare, wani lokaci ƙananan ƙadangaru. Da sanyin Turai ya kama, ƙwarin nan sai su ɓace, dole ya tashi tun watan takwas ko na tara. Ya ƙetare Bahar Rum, ya ƙetare Sahara, ya faɗo mana daidai lokacin da damina ta ɗauke ta bar ciyawa cike da fara. A nan yake hutawa ya mai da jiki. Da ƙasarmu ta fara bushewa, ruwa ya koma kudancin Afirka, sai ya bi shi. Damina yake bi, kamar makiyayi.

Yadda aka sani kuwa, an ɗaura wa waɗansu 'yan na'urori marasa nauyi a baya a ƙasashe irin su Sifen da Faransa, aka bi sawunsu. Aka ga da yawa suna yada zango na makonni a yankin Tafkin Cadi kafin su zarce Angola da Namibiya da Botswana. Yankin Tafkin Cadi kuwa ai mu ne. Waɗanda suke tasowa daga gabashin Turai wasunsu suna cin kilomita 10,000 kafin su isa masauki.

Direban Injamena: Kilomita dubu goma ba fasfo ba lasisi. Ni daga Injamena zuwa Kusiri, gada ɗaya tal, sai na nuna takarda.

Masuncin Maga: Maganar ɗalibi ba ƙarya ba ce. Mu a nan tafki mun san baƙi. Da sanyi ya fara shigowa za ka ga ƙananan agwagi da 'yan tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafa sun cika gonakin shinkafa, kafin zafin bazara ya yi tsanani ka neme su ka rasa. Kirinjijiya da dinya namu ne, suna nan kullum, waɗannan kuwa zuwa suke yi. Shekarun baya wani ɗan tsuntsu ya sarƙe a komata, da na ciro shi sai ga zoben ƙarfe a ƙafarsa da lambobi da rubutun Turawa. Mutane suka ce tsuntsun asiri ne, in jefar. Na ajiye zoben a gwangwani, yanzu ban san inda yara suka kai shi ba.

Ɗalibin Garwa: Kai Kawu, ka yi asarar wasiƙa! Zoben nan yana ɗauke da sunan cibiyar da ta sa shi da lambar tsuntsun. Da an aika musu lambar, da sun gaya maka ranar da aka sa da garin da aka sa. Wani malamin makaranta a Denmak, Mortensen, shi ya fara wannan dabara a 1899. Kafin nan Turawa da kansu sun daɗe suna gardamar ina tsuntsayensu suke shiga da hunturu, har akwai masu cewa tsattsewa a cikin laka take kwana a ƙasan tafki. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa kusa da Klütz a arewacin Jamus, sai ga mashi na Afirka a soke a wuyanta, da shi ta yi duk tafiyar. Har yau tana ajiye a jami'ar Rostock. Idan ka sake samun mai zobe da rai, ka ɗauki hoton lambar ka sake shi.

Tsohon Maharbi (Gidar): Wannan maharbin bai iya aiki ba.

Hajiyar Kusiri: Baba har ka sa na ƙware da shayi. To ita shamuwarmu fa? Tamu ta kan kukar unguwa ta tashi tun makon jiya. Kakata cewa take yi aikin hajji suke tafiya.

Ɗalibin Garwa: Tamu ba ta barin Afirka, Hajiya. Tana zuwa mana da farkon damina ta yi sheƙa, da kaka ta tafi gabashi da kudancin Afirka inda ruwa yake sauka. Ita da baƙon nan kusan tare suke yin kudu, sai dai ita nan ne gidanta, shi kuwa ratse ya yi.

Ɗan Sakandare (Yagwa): Ni a ganina abin mai sauƙi ne. A ba ni kuɗin mota in zo da danƙona, in kakkaɓo shi, kowa ya duba fiffiken sama da ƙasa a huta.

Malam na Tsangaya: Ɗana, kul. Ba cinsa za ka yi ba, ba ɓarna ya yi maka ba, fara ma yake rage wa manomi. Kashe rai don kallo ba halin kirki ba ne. A hadisin Ibn Abbas an hana kashe tururuwa da ƙudan zuma da alhudahuda da wani tsuntsu da ake kira surad. Ban ce wannan yana cikinsu ba, shi Larabawa shaƙirraƙ suke ce wa irinsa, amma mai hankali ya san inda maganar ta dosa.

Ɗan Sakandare (Yagwa): Tuba nake, Allah ya gafarta Malam. Wasa nake yi.

Ɗalibin Garwa: Ƙanena, ko a wasa bar shi. Tsuntsun nan ya riga ya daina hayayyafa a Jamus da Denmak da Suwidin, saboda an sare tsofaffin itatuwa masu kogo, maganin feshi kuma ya cinye ƙwarin. A Hangari da Sifen akwatuna ake kafa masa a kan turaku ya yi ƙwai a ciki. Wani ya sha wahalar wannan, kai ka gama da shi da tsakuwa ɗaya.

Tsohon Maharbi (Gidar): Ɗalibi, na ji karatunka, kuma ban ƙaryata ba. Amma bari in tambaye ka. A hanyar nan daga Marwa zuwa Bogo, idan ka ƙirga tsanwaka a kan waya, nawa za ka samu? Da yawa. Baƙon naka nawa? Idan ka ji kukan jaki a bayan gari ba ka cewa na dawa ne. Kama da wane ba ta wane. Shekara arba'in ina bin gobarar daji, in an sa wuta tsanwaka ce take fara zuwa tana cafke farar da hayaƙi ya koro, na san ta tsaye na san ta a sama. Mutum ya ga abu daga kan babur, rana a idonsa, sai mu ɗauko masa suna daga Turai?

Ɗalibin Garwa: Baba, da caca ce da bayanka zan bi, don tsanwaka ta fi yawa nesa ba kusa ba. Ni ban ce baƙon ne ba. Cewa na yi ba a rufe ƙofa ba. In da a watan shida ya ga wannan, da ban ko buɗe baki ba, don a lokacin baƙon yana can yana ciyar da 'ya'ya. Watan da wurin da ƙaton kan, su suka hana ni yin shiru. Kuma ina zargin a cikin shekara arba'in ɗin nan ka ga baƙon ba sau ɗaya ba, ka kira shi 'yar bana, don babu wanda ya ce maka ka duba bayan fiffike.

Tsohon Maharbi (Gidar): Yaron nan yana da baki. Ɗana ya ce in ce maka wai an ci ni. Ba a ci ni ba.

Mai Kula da Zaure: Jama'a a ci gaba a hankali, hira ta yi daɗi. Mai Karal, kai ne mai tsuntsu, ka yi shiru.

Mai Karal (Marwa): Ina nan ina karantawa. Jibi zan koma duba dashe, zan fita da wuri in tsaya a wurin. Ɗalibi, me zan yi in na same shi?

Ɗalibin Garwa: Kada ka tunkare shi. Ka tsaya nesa kaɗan, rana a bayanka, ka kashe babur ka jira. Irinsu ba sa daɗewa ba su diro ƙasa sun ɗauki ƙwaro sun koma ba, a nan za ka ga bayan fiffiken. Ka ɗauki bidiyo maimakon hoto, daga baya ma tsayar da shi mu duba. In da tsanwaka mai jela a kusa, ka gwada kansu da bakinsu. Da za ka samu madubin hangen nesa da ya fi.

Direban Injamena: Madubin hangen nesa a bakin hanya a wannan zamani? Ka rufa masa asiri, kada a tafi da shi amsa tambayoyi a kan tsuntsu. Waya ta isa.

Mai Karal (Marwa): Salamu alaikum, na dawo. Na isa wurin bakwai da rabi. Tsakanin turke shida na ƙirga tsanwaka huɗu, uku da jelarsu, ɗaya babu. Na yi yadda aka ce, na zauna a gindin wata ƙaya kusan rabin awa har ta diro. Ga bidiyon nan na tura, ku yi haƙuri da rawar hannu.

Ɗalibin Garwa: Madalla Yaya, aikinka ya yi kyau. Na tsayar da shi daidai inda ta buɗe fiffike za ta koma kan waya. Shuɗi ne, ba baƙi ba. Kan ma ƙarami ne, daidai da na mai jelar da ke gefenta. Wannan tsanwaka ce 'yar bana, babu ko tantama. Baba, a wannan kam na sara maka.

Tsohon Maharbi (Gidar): Alhamdu lillahi. Ɗana, rubuta masa cewa ya zo Gidar in ƙara masa karatu, kyauta.

Mai Karal (Marwa): Baba ka yi haƙuri, ban so in ɓata maka murna ba, amma wannan ba shi ba ne. Tun ina zaune a gindin ƙayar na san ba shi ba ne. Wannan siririya ce, tana ta 'yan koke-koke tana bin mai jelar. Na ranar nan shi kaɗai yake, kansa kamar dunƙulen hannu, kuma da ya tashi bai sauka a turke na gaba ba, miƙewa ya yi har ya ɓace mini.

Hajiyar Kusiri: To fa. An koma gidan jiya.

Tsohon Maharbi (Gidar): Tsuntsun da ya tsere kullum shi ne babba. Haka kifin Masunci ma.

Masuncin Maga: Baba ni me na yi aka sako ni?

Ɗalibin Garwa: Ni a littafina zan rubuta biyu. Na yau: tsanwaka 'yar bana, an tabbatar da bidiyo. Na ranar nan: jinsin tsanwaka, ba a tantance ba. Ba zan sa masa sunan baƙon ba don ba a ga bayan fiffike ba, ba kuma zan goge shi ba. Yaya, dashenka zai sa ka riƙa bin hanyar har ƙarshen wata, ka riƙa ɗaga kai. Kawu Masunci, kai ma ka duba wayoyin da ke bin gonakin shinkafa. Direba, kai da kake hanya kullum ka fi kowa dama.

Direban Injamena: Ni in na ɗaga kai ina kallon waya, ramin hanya ne zai tantance ni. Amma zan sa yaron mota ya riƙa dubawa. Baƙi a sama, ko? Ba a ƙasa ba?

Ɗalibin Garwa: A sama. Bayan fiffike.

Malama (Mokolo): A sake turo bidiyon don Allah, nawa ya ƙi buɗewa, kuma ranar Litinin nake so in nuna wa 'yan aji.